Yadda Mai Bi Zai Ƙudurta Abu Ya Tsaya a Kai: Tsarin Kwana 40

Tambaya ɗaya ce 'yan'uwa suke ta aiko mini, kowa da irin tasa damuwar. Wani ya fita gaban ikkilisiya a sujadar daren 31 ga Disamba ya yi wa Allah alkawarin barin caca, Janairu bai ƙare ba ya koma. Wata ta ƙudura tashi addu'ar asuba, ta yi mako guda barci ya ci ƙarfinta. Wani giya ce, wani zafin rai, wani kallon batsa a waya. Wani kuma ba zunubi ba ne ma, karatu ne ko koyon sana'a yake farawa yana watsarwa. Abin da dukansu suke son sani shi ne, ta yaya mai bi zai ƙudurta abu ya kuma tsaya a kai?

Kafin mu shiga matakai, ka buɗe Filibiyawa 2:12-13, domin a kan ayoyin nan biyu jagoran ya tsaya. A ta farkon Bulus ya ce mu yi aiki. A ta biyun ya ce Allah ne yake aiki a cikinmu, shi yake ba da niyya, shi kuma yake ba da ikon aikatawa. Yawancin masu faɗuwa rabi ɗaya suka ɗauka. Wasu sun yi addu'a suka naɗe hannu, wasu sun cije suka manta da addu'a. Tsarin da ke ƙasa ya haɗa biyun. Zan riƙa cewa "ka", amma 'yar'uwa, har da ke nake.

Kayan da za ka tanada

Littafi Mai Tsarki cikin harshen da kake yin tunani da shi. In Hausa ce, ka karanta da Hausa, kada ka wahalar da kanka da Turancin da ba ya ratsa ka. Wanda ba shi da bugagge zai iya sauke manhajar YouVersion kyauta, akwai fassarar Hausa a ciki. Wanda karatu yake yi masa wuya ya nemi na sauraro a sa masa a waya. Sai ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare, da biro, da ƙararrawar waya. Sai mutum ɗaya amintacce, za mu zo kansa a mataki na 6.

Kuɗin da za ka kashe bai wuce na littafin rubutu da biro ba. Abin da zai ci maka shi ne minti 15 kowace safiya, da kamar minti 30 sau ɗaya a mako.

Hattara: duk wanda ya ce sai ka sayi mai ko ruwa na musamman, ko ka "shuka iri", wato ka ba da kuɗi na wani adadi, kafin a 'yantar da kai, ka rabu da shi. Ka karanta amsar da Bitrus ya ba mutumin Samariya da ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, a Ayyukan Manzanni 8:18-20.

1. Zaɓi abu ɗaya, ka rubuta shi

Taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya ce daga gobe zai bar giya, ya bar ƙarya, ya karance Littafi Mai Tsarki cikin wata uku, ya kuma riƙa azumi duk Laraba, ya riga ya shirya wa kansa faɗuwa. Ka ɗauki ɗaya, wanda ya fi cutar da kai ko iyalinka a yanzu.

Ka rubuta shi a shafin farko yadda da dare za ka iya cewa "na yi" ko "ban yi ba". "Zan zama mutumin kirki" ba ya aunuwa. "Ba zan sa ko naira ɗaya a caca ba" yana aunuwa. Haka "zan karanta littafin darasina awa ɗaya bayan cin abincin dare", ko "in raina ya ɓaci da matata zan fita waje kafin in buɗe baki". Ka ja layuka 40 a ƙarƙashi, kowace rana da nata. Babu wani asiri a cikin lambar. Tsawon ya isa mutum ya ga canji, kuma yana iya hango ƙarshensa. Wanda ya ga 40 ta yi masa yawa ya fara da 10, kamar gwajin da Daniyel da abokansa suka roƙa a yi musu a Daniyel 1:12.

2. Yi mako guda kana lura da kanka

Wannan matakin ake yawan tsallakewa saboda ɗoki, shi ne kuma yake rage wahalar duk waɗanda ke bayansa. Yesu ya ce mai son gina hasumiya sai ya fara zama ya yi lissafi (Luka 14:28-30). Kafin ranar farko ta tsarin, ka yi kwana bakwai kana rubuta abu huɗu duk lokacin da abin ya taso maka: ƙarfe nawa ne, kana ina, kana tare da wa, me kake ji a ranka.

Za ka yi mamakin yadda abin yake da tsari. Mai caca zai ga ranar Asabar ce da yamma a gidan kallon ƙwallo, ko ranar da albashi ya shigo. Mai shan burukutu zai ga ranar kasuwa ce, tare da mutanen nan biyu ko uku da ba su canjawa. Mai kallon batsa zai ga bayan sha ɗayan dare ne, shi kaɗai, waya na hannu. Mai faɗa zai ga yawanci da yunwa ko gajiya yake shigowa gida.

Ka kuma yi lissafin asarar da lamba. Naira 500 kullum ta zama 15,000 a wata, 182,500 a shekara. Ka rubuta kusa da ita abin da kuɗin nan zai yi a gidanka: takin gona, kuɗin makaranta, hayar ɗaki. In lokaci abin yake ci, ka lissafa awoyin.

3. Miƙa wa Allah, amma kada ka yi rantsuwa

Daren da za ka fara, ka durƙusa ka faɗa wa Allah abin da sunansa, ba da kewaye-kewaye ba. In zunubi ne ka kira shi zunubi ka tuba. Ka faɗa masa gaskiya cewa ka sha gwadawa ka kāsa. Bulus da kansa ya rubuta cewa nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba (Romawa 7:19), to ba kai ne na farko ba. Sa'an nan ka roƙi taimakon Ruhu Mai Tsarki, domin kamunkai yana cikin 'ya'yan Ruhu da aka lissafa a Galatiyawa 5:22-23. Abin da ake roƙo ne, ba a haifi kowa da shi cikakke ba.

Hattara: kada ka ce "in na sāke, Allah ya kashe ni", ko ka ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ka rantse. Mai Hadishi 5:5 ya ce gara kada ka yi wa'adi da ka yi ka kāsa cikawa, Yesu kuma ya ce i ɗinka ya zama i, a'a ya zama a'a (Matiyu 5:37). Irin rantsuwar nan tana da mugun sakamako. Ranar da mutum ya zame sai tsoro ya kama shi, ya guji addu'a, ya guji coci, a daidai lokacin da ya fi bukatarsu.

4. Kafa minti 15 na safe

Ka zaɓi lokaci ɗaya da wuri ɗaya, kada su riƙa canjawa. Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi inda ba kowa ya yi addu'a (Markus 1:35). Daniyel yana da lokutansa uku a rana, da tagar da yake durƙusawa a gabanta (Daniyel 6:10). Ka ɗaura naka da abin da kake yi kullum: da zarar ka wanke fuska, ko kafin a hura wutar koko. Mai gadi ko ma'aikaciyar jinya da ke kwana a bakin aiki su zaɓi lokacin da suka farka, ko da azahar ce.

Ga yadda za ka raba shi. Minti biyar karatu, minti biyar addu'a a kan abin da ka rubuta a shafin farko, minti biyar ka dubi ranar da ke gabanka ka tambayi kanka inda haɗarin yake yau da abin da za ka yi in ka isa wurin. Wannan na ƙarshen shi ne ma'anar yin tsaro da Yesu ya haɗa da addu'a a Matiyu 26:41.

Game da karatun, ka fara da Markus, sura 16 ce, rabin sura a rana ya kai ka kwana 32. Sauran kwanakin ka bi da Yakubu mai sura biyar, sannan ka rufe da Ibraniyawa 11 da 12 da Romawa 8. Ban ba da shawarar sabon mai farawa ya ɗauko daga Farawa da niyyar zuwa Wahayi ba. Niyya ce mai kyau, amma da yawa a Littafin Firistoci suke tsayawa.

Hattara: in a waya kake karatu, ka kashe data kafin ka kwanta. In ba haka ba, saƙonnin WhatsApp ne za su cinye mintocin. Kada kuma ka ƙara lokacin zuwa awa guda a makon farko don kana jin zafin ruhu. Ka bar shi 15 har kwana 40 su cika.

5. Toshe hanya, ka cike gurbi

Koma ga abin da ka rubuta a mataki na 2. Kowane wuri da lokaci da ka gano, ka yi masa shiri tun kana cikin hankalinka. Yusufu bai tsaya muhawara da matar Fotifar ba, ya bar mata rigarsa ya gudu (Farawa 39:12). Karin Magana 4:15 ta ce kada ma ka bi ta wurin. Mutane suna ɗaukan gudu a kan rashin bangaskiya, alhali shi Bulus ya umarci Timoti da shi (2 Timoti 2:22).

A aikace: ka goge manhajar caca, ka rufe asusun, ka fita daga zaurukan da ake turo hasashen wasa. Ranar albashi ka fitar da na abinci, na makaranta da zakkarka tun kafin ka bar wurin cirar kuɗi, sauran ka damƙa wa matarka ko ka zuba a adashe. Ka canja hanyar dawowa gida in tsohuwar tana bi ta gidan giya, ko da za ta ƙara maka tafiya. Waya ta kwana a falo ko a ɗakin wani. Abokan da kuke yi tare ka faɗa musu sau ɗaya, a fili, ba da zagi ba, cewa ka daina. Za su yi maka dariya, za su kira ka fasto. Wannan yana cikin kuɗin da za ka biya, ka sa shi a lissafi tun yanzu.

Toshewa kaɗai ba ta isa ba. Yesu ya ba da misalin gidan da aka share aka bar shi wofi, mugun ruhun ya dawo da waɗansu bakwai (Matiyu 12:43-45). Dubi kuma Afisawa 4:28: ba a ce wa ɓarawo ya daina sata kawai ba, an ce ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci. Saboda haka awar da ka ƙwato ka ba ta aiki. In yammacin Asabar ne, ka shiga koyon waƙa da mawaƙan coci, ko fita wa'azi da 'yan Sabon Rai, ko taimaka wa Boys' Brigade, ƙungiyar yara maza ta coci. Ɗalibi yana da FCS, wato zumuntar ɗalibai Kirista, mata suna da Zumuntar Mata. In ba na coci ba, lambu ko koyon ɗinki ma sun yi. Sharaɗin dai a ce akwai masu jiran ka a wurin a wannan lokacin.

Hattara, wannan kuwa batun rai ne: wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa kullum, ko tiramadol, ko kodin, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Yanke giya farat ɗaya ga wanda jikinsa ya saba yana iya kawo karkarwa, ruɗewa da farfaɗiya, har ya kai ga mutuwa. Ka je asibiti a tsara maka yadda za ka rage. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, akwai a Maiduguri, asibitocin koyarwa irin na Jos da Kano da Zariya suna da sashen, hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da masu ba da shawara. Zuwa wurin likita bai rage komai daga addu'arka ba.

6. Nemi mutum ɗaya da zai riƙa tambayarka

Mai Hadishi 4:10 ya tausaya wa wanda ya fāɗi ba shi da mai tā da shi, Yakubu 5:16 kuma ya ce mu furta wa juna laifofinmu mu yi wa juna addu'a. Na san abin da yake hana mutane: tsoron maganar ta kai gaban dattawa a sa su a horo, ko ta zama abin hira a unguwa. Tsoron yana da dalili, shi ya sa zaɓen yake da muhimmanci.

Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace. Ka nemi wanda ya girme ka a bangaskiya, wanda ba ka taɓa jin sirrin wani a bakinsa ba. Mai kawo maka labarin wasu zai kai naka, Karin Magana 11:13 ta riga ta faɗa. Kada ya zama wanda kuke fama da abu ɗaya a lokaci ɗaya. Zai iya zama fasto, katikis, dattijo, ko wata uwa a zumunta. Ka je ka same shi ka ce, "Baba, ga abin da nake fama da shi, ina so duk Lahadi bayan sujada ka ba ni minti talatin ka dubi littafin nan, ka tambaye ni gaskiya." Ka kuma nemi izinin kiransa in abin ya matsa maka, ko da dare ne.

Hattara: kada ka tashi ba da shaida a gaban ikkilisiya a mako na biyu. Yabon da za a yi maka zai sa ka ji kamar an gama, ranar da ka zame kuma kunya za ta hana ka faɗa.

7. Abin yi a lokacin da jaraba ta taso

Ka haddace aya biyu ko uku tun kafin ranar. Sau uku Shaiɗan ya gwada Yesu a jeji, sau uku ya amsa da abin da yake a rubuce (Matiyu 4:1-11). Wadda na fi ba mutane ita ce 1 Korintiyawa 10:13, domin ta yi alkawarin akwai mafita a kowane gwaji. Ka ƙara da wadda ta dace da naka yaƙin: Yakubu 1:19-20 ga mai fushi, Ibraniyawa 13:5 ga mai caca, Galatiyawa 6:9 ga wanda ya gaji da aikin kirki.

In abin ya taso, ka bi wannan jeri. Tashi daga inda kake. Faɗi ayar da baki, ba a zuci kawai ba. Yi gajeriyar addu'a, "Yesu, ka taimake ni" ta isa. Ka ce wa kanka ba za ka yanke shawara ba sai bayan minti goma, ka cika su da abin da zai motsa jiki, ɗebo ruwa ko zagaya unguwa. Sha'awa takan yi ƙarfi ta lafa in ba a biye mata ba. In minti goma sun wuce tana nan, kira mutuminka.

8. Azumi, abinci da barci

Azumi yana koya wa jiki jin "a'a". Ka fara da sau ɗaya a mako, daga safe zuwa sha biyun rana ko ƙarfe uku, lokacin cin abincin ka mai da shi na addu'a. Ka yi shi a ɓoye yadda Matiyu 6:16-18 ta ce. 'Yan Katolika da Angilikan suna iya daidaita tsarin nan da azumin da ake farawa ranar Larabar Toka.

Hattara: mai ciwon suga, mai gyambon ciki, mai juna biyu, mai shayarwa da mai shan magani a kan lokaci kada su yi azumin abinci sai likita ya yarda. Su yi na waya ko na talabijin. Azumin da ba a shan ruwa a zafin Maris da Afrilu, musamman ga mai aikin ƙarfi, haɗari ne.

A wani gefen kuma, da yawa daga abin da muke kira harin Shaiɗan gajiya ce da yunwa. Da Iliya ya karai har ya roƙi mutuwa, mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Ya ba shi abinci da ruwa, ya bar shi ya sāke barci, ya sāke ba shi (1 Sarakuna 19:4-8). Mai son tashi ƙarfe biyar ya kwanta ƙarfe goma.

9. Ranar da ka zame

Wataƙila za ta zo, gara ka san abin yi tun yanzu. Zamewar kanta ba ita take kashe tsari ba. Abin da yake kashe shi tunanin da ke biyo baya ne: tunda na riga na ɓata, bari in ƙarasa, na sāke farawa wata mai zuwa. Wanda ya sha kwalba ɗaya sai ya sha biyar saboda wannan tunanin.

Ka tsaya nan take. Ka furta wa Allah a ranar, ka riƙe alkawarin 1 Yahaya 1:9. Ka faɗa wa mutuminka kafin awa 24 su wuce, ɗan Katolika ya je wurin fada, wato firist, ya yi ikirari. In ka cuci wani, ka nemi gafararsa, ka biya abin da ake biya. Ka rubuta a littafinka ta wace ƙofa abin ya shigo, ka koma mataki na 5 ka toshe ta. Washegari ka tashi minti 15 ɗinka kamar kullum, ko da kunya ta cika ka. Kada ka yage littafin ka koma ranar farko. Ka sa alama a layin ranar, ka ci gaba da na gaba. Karin Magana 24:16 ta ce adali yakan fāɗi sau bakwai ya tashi, Bitrus kuma da ya yi musun Ubangijinsa sau uku an sāke damƙa masa kiwon tumaki (Yahaya 21:15-17).

Hattara: gafara ba lasisi ba ce. In ka lura tun kafin ka aikata kana cewa "ai zan tuba", ka faɗa wa mutuminka wannan ma, don ya fi zamewar kanta haɗari.

10. Lokacin da zafin ya huce, da ranar 40

Wajen mako na uku ɗoki yakan ƙare. Addu'a ta zama kamar magana da bango, karatu ba ɗanɗano. Ba alamar Allah ya tafi ba ce, a nan ne ma naci yake fara ginuwa. Romawa 5:3-4 ta jera su: wahala takan haifi jimiri, jimiri ya haifi hali tabbatacce, hali ya haifi bege. Ka ci gaba da zuwa a kan lokaci ko ba ka ji komai ba. In kalmomi sun ƙare maka, ka karanta Zabura 13 ko 42 da murya a matsayin addu'arka, ko ka rera waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙi. Kada ka bar zuwa sujada a wannan makon.

Hattara: jimiri ba ya nufin zama cikin duka ko barazanar kisa da sunan haƙuri. Almajirai sun zura Bulus a kwando ta kan garun Dimashƙu don ya tsira (Ayyukan Manzanni 9:25). 'Yar'uwar da ake duka ta nemi mafaka, ta faɗa wa iyayenta da shugabannin ikkilisiya, in ya kama har hukuma. Wanda kuma baƙin ciki ya danne shi makonni, ba ci ba barci, ko yana tunanin kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar.

Ranar 40 ka zauna da mutuminka ku ƙirga layukan tare. In ka cika 30 ko fiye, ka ƙara wasu 40 a kan abu ɗayan kafin ka ɗauko na biyu, kuɗin da ka ceto kuma ka sa su a abin da ka rubuta a mataki na 2. In tsakanin 20 da 30 ne, ku duba ranakun da aka rasa, yawanci ƙofa ɗaya ce ba a toshe ba. In ƙasa da 20 ne, ƙudurin ya yi girma ko kuwa akwai abin da ya fi ƙarfin tsarin gida. Ku rage shi zuwa rabi, ko ku tafi wurin fasto da likita tare. Ko wanne ne ya faru, minti 15 na safe da zaman Lahadi su ci gaba daga rana ta 41.